Kaluluwar autanmu, da kwalbar da Kawu ya kawo

Satin da ya wuce autanmu ya dawo daga ƙwallo da babban yatsan ƙafa a fashe, tuntuɓe ya yi farcen har ya ɗaga, kuma da yake ya san in Hajiya ta gani shikenan an soke fita sai ya saka safa ya yi shiru abunsa. Kwana huɗu muna zaune sai ga yaro yana tafiya a buɗe kamar wanda aka yi wa kaciya, ba ma yatsan yake kuka da shi ba, wai matsematsinsa ne ke ciwo. Hajiya ta sa hannu ta taɓa ta ce kaluluwa ce, maza cire safar nan in gani. Ai kuwa ga yatsa ya kumbura yana ruwa.

Bayan an gama faɗan da za a yi, an wanke ciwon an kai shi an masa allurar tetanus, Hajiya ta juyo kaina ta ce "kai da ka yi karatun asibiti, wai me ya haɗa ciwon yatsa da matsematsi ne? Tun muna yara muke ganin haka, ciwo a ƙafa kaluluwa a sama, ciwo a hannu kaluluwa a hammata." Wallahi na yi shekara da shekaru ina aikin gwajin jini amma ba wanda ya taɓa min tambayar da ta kai wannan daɗi, saboda amsarta ita ce kusan rabin darasin garkuwar jiki gaba ɗaya. Na fara bayani kenan sai ga Kawu ya shigo da wata kwalba a leda, irin wadda ake tallarta da lasifika a kan mota ranar kasuwa, wai maganin ƙara ƙarfin garkuwar jiki, a ba yaron cokali biyu safe da yamma. Toh wannan kwalbar ce ta sa na ce bari dai in zauna in rubuta.

Kafin in yi nisa, kalmar ƙwaya a Hausa aiki ya mata yawa, ƙwayar cuta, ƙwayar magani, ƙwayar ido, ƙwayar jiki, har da 'yan ƙwaya. Don haka fararen ƙwayoyin jinin da labarin nan zai fi tsayawa a kansu, masu tsaron jiki daga cuta, waɗanda likitoci ke kira da harafin T, ni zan dinga ce musu 'yan T, guda ɗaya kuma ɗan T, kar mu rikice.

Harafin T ɗin daga sunan wani ɗan nama ne da ke bayan ƙashin ƙirji a saman zuciya, taimus. A jariri babba ne, bayan balaga sai ya fara motsewa kitse na maye gurbinsa, shi ya sa da can likitoci suka ɗauka ba shi da wani amfani. Sai a 1961 wani matashin mai bincike, Jacques Miller, yana aiki a Landan, ya cire wa jariran ɓeraye taimus ɗin nan, sai ya ga sun taso cuta kaɗan ta kayar da su, kuma ko fatar wani ɓeran daban aka ɗinka musu jikinsu ba ya ƙin ta. Daga nan aka gane ashe makaranta ce. A ɓargo ake haihuwar 'yan T, sai su bi jini su tafi taimus horo, kamar dai yadda ake kwasar kurata a kai su difo a Zariya, sai dai wannan difon ba ya wasa, sama da kashi 95 cikin 100 na waɗanda suka shiga ba sa fitowa, a ciki suke mutuwa.

Dalilin kuwa shi ne kowane ɗan T yana da wani abun kamu a jikinsa, mu ce masa maƙulli, wanda siffa ɗaya tak yake ganewa a duniya. Kuma ba wai an zauna an ƙera maƙullan don wata cuta sananniya bane, a'a, yanka-yankan gado ake cakuɗawa kamar karta, kowa ya fito da nasa na kansa, har a samu miliyoyin iri daban-daban. Cikinsu akwai wanda zai gane ƙwayar tarin fuka, akwai wanda zai gane cutar da ba a ma halicce ta ba tukuna, akwai wanda ba zai gane komai ba, akwai kuma wanda abun da zai gane naman jikinka ne. Jarabawar taimus biyu ce, wanda bai iya karanta komai ba a bar shi ya mutu, wanda kuma ya damƙi kayan gida da ƙarfi a kashe shi. 'Yan tsakiyar ne ke fita, kuma su ma ba duka ne masu tarbiyya ba, wasu miyagun suna sulalewa, ku riƙe wannan za mu dawo kansa.

Yanzu me ɗan T ke dubawa? Nan ne abun ya bambanta da antibodi, waɗannan sinadaran da ke yawo cikin ruwan jini suna manne wa ƙwayar cuta in sun same ta a fili. Antibodi ba ya shiga cikin ƙwayar jiki. Shi kuwa bairas ba ya zama a titi, cikin gida yake shiga ya mayar da kicin ɗinka nasa, da ɗan gari kan ci gari, haka ƙwayar tarin fuka, haka ta kuturta, haka ciwon daji ma wanda shi ɗan gida ne ya kangare. Toh ta ya za a san abun da ke faruwa a cikin gida ƙofa a rufe? Dabarar da jiki ya yi ita ce duk wata ƙwayar jiki mai cibiya, wato ƙullin tsakiyarta da ke riƙe da gado, dole ta dinga ɗiban ɗanɗanon abun da take dafawa a ciki, guntayen furotin ƙanana, ta ɗora a faifai ta ajiye a ƙofar gida, dare da rana. Faifan nan shi ake kira MHC, a mutane kuma an fi ce masa HLA. Ɗan T ba ya ganin cuta tsirararta, sai an yanka ta an ɗora masa a faifai, kuma faifan ya zama irin na gidansu. Mutum biyu suka gano haka a Kanbera ta Ostireliya wajen 1974, Peter Doherty da Rolf Zinkernagel, da suka ga 'yan T na wani ɓera sun ƙi kashe ƙwayar jikin da ta kamu da bairas ɗin da suka sani sarai, kawai don faifan na wani dangin ɓeraye ne. Sai 1996 aka ba su kyautar Nobel a kai.

Faifan iri biyu ne. Na farko kowa na da shi, yana nuna abun da ake yi a cikin gida, kuma 'yan T masu tambarin CD8 ke karanta shi, su ne mahauta, aikinsu kisa. Na biyu wasu 'yan tsiraru ne ke riƙe da shi, masu yawon tsince-tsince, yana nuna abun da suka haɗiyo daga waje, 'yan T masu tambarin CD4 ke karanta shi, su kuma ba da umarni ne aikinsu. Jan ƙwayar jini ba ta da cibiya don haka ba ta da faifai, kuma ku duba inda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta zaɓa ta ɓuya, cikin jan jinin, inda mahautan ba su da abun karantawa. Damar da suke da ita sai 'yan kwanakin farko da take cikin hanta. A 1991 Adrian Hill da abokan aikinsa sun yi bincike a kan yara a Gambiya suka ga wani irin faifai, HLA-B53, da ya yawaita a Afirka ta Yamma, masu shi ba su cika faɗawa maleriya mai tsanani kamar sauran ba. Wato sauro ma ya sa hannu a irin faifan da muka gada.

Mu koma kan yatsan autanmu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, fata ta fashe, ƙasar fili da bakteriya suka shiga. Waɗanda suka fara isa wurin ba 'yan T bane, wasu ne 'yan ta-kife da ba sa tambayar suna, su haɗiye su mutu, gawarsu ce mugunyar da kuke gani. Amma a cikin fatar akwai wata ƙwaya mai rassa kamar saiwar bishiya, dendiritik, ni 'yar rahoto nake ce mata. Ralph Steinman ya gano ta a 1973 a New York, ya yi shekaru mutane ba su yarda tana da wani muhimmanci ba, kuma abun tausayi ranar da aka sanar an ba shi Nobel a 2011 ashe kwanansa uku da rasuwa kwamitin bai sani ba. Ita 'yar rahoton nan in ta haɗiyi ƙwayar cuta ta kuma ji alamun tashin hankali a unguwa, sai ta bar wurin, ta bi wasu siraran hanyoyin ruwa da ke ƙarƙashin fata, ba jijiyar jini ba, ta yi ta hawa har ta isa tasha mafi kusa. Tashar ƙafa tana matsematsi, ta hannu tana hammata, ta maƙogwaro da haƙori da fatar kai tana wuya da ƙasan haɓa. Amsar tambayar Hajiya kenan. Ƙullutun nan dama can suna nan, ɗaruruwa a jiki, ƙanana kamar wake, ba ciwon ne ya haife su ba, sai sun kumbura ne muke sanin da su mu ce kaluluwa.

Abun da ya sa sai an je tashar shi ne lissafi. Ɗan T ɗin da maƙullinsa ya dace da wannan cutar bai fi ɗaya cikin 100,000 ba, wani lokacin ma bai kai ba. In aka ce ya yi ta yawo a jiki har ya ci karo da yatsan ai sai a shekara ba a haɗu ba. Don haka sababbin 'yan T da ba su taɓa yaƙi ba, su ba sa zuwa fata ko huhu, zagayensu daga jini zuwa kaluluwa ne daga kaluluwa zuwa jini, kullum. 'Yar rahoto ta zauna a tasha ta baza faifanta, suna wucewa suna taɓawa suna wucewa, wannan ba nawa ba, wannan ba nawa ba, har mai shi ya zo ya taɓa ya tsaya cak.

Toh nan ne wurin da na fi so a duk labarin, kuma nan ne na so Kawu ya saurara amma ya tafi alwala. Ɗan T ya ga abun da aka haife shi don ya gane, amma ba zai motsa ba. Ganewar nan shaida ɗaya ce kawai, shi kuwa kamar alƙali yake, ba ya hukunci da shaida ɗaya. Sai 'yar rahoton ta miƙo masa wani hannu na biyu, wani furotin da ake kira B7, ya haɗu da nasa da ake kira CD28, kuma ita ba ta fito da wannan hannun sai in da gaske ta ga ɓarna ko ta ji warin ƙwayar cuta a inda ta fito. In aka samu shaidar farko babu ta biyu, ɗan T ba tashi yake ba, sanyi ma yake yi, ya zama kamar an ɗaure shi, ko daga baya an kira shi ba ya amsawa. Kun tuna miyagun nan da suka sulale daga taimus masu ganin naman jiki a matsayin abokin gaba? Kullum suna ganin abun da suke nema a faifan ƙwayoyin jiki masu lafiya, amma da yake babu shaida ta biyu sai su lafa. Duk wanda ya taɓa ganin an yi ihun ɓarawo a kasuwa an rufe bawan Allah da duka kafin a tambayi me ya sata, ya san dalilin wannan doka. In dokar ta karye a jiki, sakamakon shi ne irin ciwon sukarin da ke kama yara, inda 'yan T ke bin ƙwayoyin da ke yin insulin su karkashe su har yaro ya koma sai da allura zai rayu.

Akwai ma magana ta uku, ita ba izini bace, bayani ne. 'Yar rahoto na fitar da wasu sinadaran saƙo, saitokain, da ke gaya wa ɗan CD4 wane irin faɗa ne a gaba, saboda in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. In cutar mai ɓuya a cikin ƙwayar jiki ce sai ya zama irin da ake kira Th1, in tsutsar ciki ce ya zama Th2, in bakteriyar mugunya ce ko fumfuna ya zama Th17, wasu kuma su tsaya a kaluluwar suna taya masu ƙera antibodi aiki. Rabon Th1 da Th2 ɗin nan wasu masu bincike biyu, Mosmann da Coffman, suka fito da shi a 1986, sauran daga baya aka ƙaro.

Da shaidu sun cika sai ɗan T ya kumbura ya fara fitar da wani saƙo, IL-2, wanda shi da kansa yake shan abunsa, ma'anarsa kawai ka rabu biyu. Ya rabu, 'ya'yan su rabu, sau biyu zuwa uku a yini. Ku ɗauki kalkuleta, in ɗaya na ninkuwa sau uku kullum, a kwana biyar ya zama 32,768, kuma ba shi kaɗai aka tasa ba, dukkansu da maƙulli iri ɗaya da na ubansu, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A lokaci guda kaluluwar ta rage ƙofar fita ta buɗe ta shiga, fararen jini na ta kwararowa, masu antibodi su ma suna nasu ninkin, ruwa ya taru, ga ta kuma a cikin wata jaka da ba ta son miƙewa. Kumburin kenan, zafin kenan. Shi ya sa ba a ranar tuntuɓe take fitowa ba, kuma shi ya sa sabuwar cuta kan ɗau kusan sati kafin jiki ya ci ƙarfinta. Wannan jinkirin ba lalaci bane, tantancewa ce da haihuwa.

In sun gama taruwa sai su fita su bi jini, yanzu kam sun san hanyar fagen fama saboda jijiyoyin wurin ciwon sun yi kaushi suna kama su. Kuma a can ba sa neman shaida ta biyu, an riga an ba su waranti. Ɗan CD8 in ya samu ƙwayar jikin da faifanta ke nuna guntun bairas, sai ya manne mata tsam, ya zuba mata wani abu mai huda fata, farforin, ya tura wasu masu yanka ta ciki, giranzaim, su kuma su kunna mata na'urar kashe kai da dama kowace ƙwaya ke da ita. Ta tattare kanta ta mutu a tsabtace ba ta fashe ta watsa cuta ba, maƙwabciyarta mai lafiya ko ƙwarzane, shi kuma ya saki ya matsa kan ta gaba. Na taɓa kallon bidiyon wannan da aka ɗauka da madubin likita, gaskiya sai da tsigar jikina ta tashi, abu ba ido ba kunne amma yana lalube yana zaɓe kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Shi kuwa Th1 ba ya kisa da hannunsa. Akwai wasu manyan masu haɗiya, makrofaj, da kan haɗiye ƙwayar tarin fuka amma ta ƙi narkewa ta zauna a cikinsu tana hayayyafa. Th1 ya zo ya karanta faifansu ya watsa musu saƙon intaferon gama, sai su zabura su ƙona abun da ke cikinsu, wanda ya gagara kuma a kewaye shi da katanga a tsare. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasin kusan mutum ɗaya cikin huɗu a duniya ya taɓa kamuwa da ƙwayar tarin fuka, amma akasari ba su taɓa yin ciwon ba, katangar nan ce ke riƙe. In kun taɓa yin gwajin tibi, wato tarin fuka, na fata, wanda ake ɗan tsira allura a hannu a ce ka dawo bayan awa 48 zuwa 72 a auna taurin wurin, toh 'yan T kuke jira su iso, da antibodi ne da ba a kai haka ba. Tun 1942 wasu masu bincike, Landsteiner da Chase, suka nuna irin wannan kumburi mai jinkiri ana iya ɗaukarsa daga wata dabba a kai wa wata in an ɗebi fararen ƙwayoyin, amma in ruwan jinin kawai aka ɗiba ba ya bi. Daga nan sunan da ake kiran wannan aikin na 'yan T ya samo asali, wato garkuwar da ƙwayoyi ke ɗauke da ita da kansu. Tabon BCG, allurar rigakafin tarin fuka, da ke damtsen yawancinmu shi ma sawun wannan aikin ne.

Kuturta ma misali ce mai ban mamaki, ƙwayar cuta ɗaya amma ciwo kamar biyu. Wanda jikinsa ya bi hanyar Th1 sai ka ga 'yan tabo kaɗan da ƙyar ake samun ƙwayar a ciki, wanda bai bi ba kuwa ga antibodi jingim a jininsa amma ba su tsinana komai, ƙwayar ta cika fata. Sai ƙyanda, iyayenmu mata kan ce wadda ba ta fito ba ita ce abar tsoro, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar, don ƙurajen nan alama ce 'yan T sun iso fata suna aiki, yaron da nasa suka yi rauni sosai yana iya yin ƙyanda ba ƙuraje ta sauka a huhu. Wannan ba ya nufin a zauna ana jiƙe-jiƙe don ta fito fa, allurarta tana nan kyauta, kuma ƙyanda muguwa ce ta wata fuskar, tana cinye ƙwayoyin da ke riƙe da tarihin cututtukan da yaro ya riga ya yi, ya warke amma ya koma kamar sabon shiga.

Mu a wurin aiki inda muka fi haɗuwa da 'yan T shi ne takardar CD4. Ƙwayar HIV tambarin CD4 ɗin nan shi ne ƙofar da take bi ta shiga, wato ba sojan gaba ta zaɓa ba, mai ba da umarnin ta zaɓa. Mai lafiya yana da kamar 500 zuwa 1,500 a ɗigon jini mai girman milimita ɗaya ta kowane gefe, in suka sauka ƙasa da 200 sai katangu su fara rushewa, tibin da aka tsare shekara ashirin ta fito, fumfuna ta kama baki da maƙogwaro, abubuwan da ba sa yi wa kowa komai su zama ajali. Shi ya sa tarin fuka ya fi komai kashe masu HIV. Kuma abun da ke dawo da adadin ba wani tonik bane, maganin da ke danne ƙwayar ne a sha kullum, jiki da kansa ya sake tara mutanensa. Na sha ganin takardar mutum ɗaya ta tashi daga ƙasa da 100 ta haura 500 da haƙurin shan magani, ranar da na fara ganin haka na daɗe ina kallon takardar.

Da Kawu ya dawo daga masallaci na ce masa Kawu ku yi haƙuri, ban raina kwalbar ku ba, amma ƙarfin me za ta ƙara, a cikin miliyoyin maƙullan nan wanne ta sani? Sai na ba shi labarin abun da ya faru a Landan a watan Maris na 2006. An ƙera wani magani, TGN1412, da ke danna CD28 ɗin nan kai tsaye ya tashi 'yan T ba tare da jiran shaidar farko ba, wato dai ainihin mai tayar da garkuwa na gaske. Aka gwada a kan samari shida lafiyayyu, aka ba su abun da ya gaza wanda birai suka ɗauka lafiya har sau 500. Cikin 'yan awanni dukkansu shida suna ɗakin kulawa ta musamman, jiki ya kumbura, ƙoda da huhu suna tsayawa, saƙonnin yaƙi sun cika jini ba abokin gaba. Sun rayu, amma ɗaya sai da ya rasa yatsun ƙafa da kan wasu yatsun hannu. Na ce Kawu sa'ar da muke ci ita ce kwalaben kasuwa ba sa yin abun da suke cewa suna yi. Ya yi dariya ya ce kai dai ɗan boko ne. Na ce in dai taimakon yaron ake so a ba shi ƙwai da wake da gyaɗa, don tamowa kam an tabbatar tana sa taimus ɗin yaro ya motse, kuma a duba katin rigakafinsa ko akwai wadda aka tsallake.

Birki ma jiki ya tanada bayan doka ta shaidu. Ɗan T da ya tashi, bayan 'yan kwanaki shi da kansa yake fito da wani abu, CTLA-4, da ke ƙwace hannun B7 daga CD28, da wani kuma PD-1 da ke ce masa ya isa haka. Ga wasu 'yan T ɗin da aikinsu kawai rabon faɗa, waɗanda Shimon Sakaguchi na Japan ya bayyana a 1995, aikin da ya kai shi ga Nobel ta 2025 tare da Mary Brunkow da Fred Ramsdell. Ciwon daji ya koyi taka wa 'yan T birkin nan, sai James Allison da Tasuku Honjo suka nuna in an cire birkin suna iya komawa su cinye ƙarin, suka samu tasu Nobel ɗin a 2018. Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka da mutanen karkararmu suka sani ta yaƙi da kurkunu, a 2015 dajin fata ya kai masa har ƙwaƙwalwa, cikin abun da aka masa har da irin wannan maganin, ya ƙara shekara tara a duniya ya cika 100. Amma ko shi maganin kuɗinsa na tashin hankali ne, kuma illarsa ita ce dai wadda za ku zata, wani lokacin 'yan T su juya kan hanji ko fata ko hanta. A ɗaya gefen kuma masu dashen ƙoda, su neman a kwantar musu da 'yan T suke, don faifan ƙodar wani baƙo ne a wurinsu, shi ya sa ake fara duba 'yan uwa, tsakanin shaƙiƙai akwai damar ɗaya cikin huɗu faifansu ya zo iri ɗaya sak, kuma shi ya sa ake shan magani irin su takrolimus ko saiklosforin har abada, aikinsu toshe hanyar da ke kai ɗan T ga yin IL-2.

In yaƙi ya ƙare kusan kashi 90 cikin 100 na rundunar mutuwa suke, kaluluwa ta saɓe, 'yan kaɗan su rage masu tuna fuskar abokin gaba, su kuma in ya dawo ba sai an yi sati ana neman mai maƙulli ba. A Singafo a 2020 an gwada mutanen da suka yi cutar numfashi ta SARS a 2003 aka samu nasu suna nan daram bayan shekara 17.

Abu ɗaya da zan roƙa, kaluluwar da ta biyo ciwo, mai zafi, mai motsi in an taɓa, ta kan sauka da ciwon ya warke. Amma wadda ta wuce sati biyu zuwa uku ba ta raguwa, ko mai tauri ba zafi, ko a wuya take tana ƙaruwa ga zufar dare ga rama, ko ta yi ja tana neman fashewa, wannan kar a tsaya gashi kar a kai wa wanzami ya tsaga, asibiti za a je, tibi na zama a nan, dajin jini ma haka.

Ta autanmu dai ta saɓe a kwana na tara. Hajiya ta ce tsumman da take ɗumamawa tana danna masa ne ya yi aiki, ban yi musu ba don gaskiya yana rage masa zafi. Kwalbar Kawu tana kan firij har yanzu ba a ɓalle murfin ba, shi kuwa mai ciwon jiya da la'asar na hango shi a fili yana tsaron gida, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu.